Maganin rashin natsuwa mai aiki yini guda: zan iya raba ƙwayar gida biyu?

Manomi daga yankin Ringim:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar magani, da ta iyayen da suka taɓa shiga halin da nake ciki. Ɗana na uku shekararsa tara, yana aji uku a firamaren ƙauyenmu, da yamma kuma yana zuwa Islamiyya. Tun yana ƙarami ba ya iya zama wuri ɗaya, kuma mun daɗe muna ɗaukar abin a matsayin ƙiriniyar yara maza, har sai da malamansa na boko da na Islamiyya suka riƙa kawo ƙara iri ɗaya: ba ya ƙarasa rubutu, yana miƙewa ana tsakiyar karatu, yana katse malami, kuma da wuya mako ya wuce bai yar da fensir ko takalmi ba. A daminar bara na ba shi tsaron awaki, hankalinsa ya tafi wani wuri, suka shiga gonar maƙwabcina suka yi ɓarnar da sai da dattawa suka shiga tsakani. An yi faɗa, an yi duka, bai canza ba. Mahaifiyata ta ce iska ce, aka yi rubutu ya sha, aka yi masa hayaƙi, abin yana nan.

Daga baya wani ƙanina ya raka mu Kano wurin likitan ƙwaƙwalwa mai duba yara. Ya gan mu sau biyu, ya ba mu takardar tambayoyi muka kai wa malaman yaron suka cike, sannan ya ce lalura ce da ake kira ADHD, wato rashin iya tattara hankali haɗe da yawan motsi da gaggawa. Ya rubuta masa Concerta mai miligiram 18, ƙwaya ɗaya kowace safiya. Yau mako uku ke nan, kuma ba zan ɓoye ba, na ga sauyi: a karon farko ya kawo mini littafinsa da shafi cike da rubutu.

Amma abubuwa uku suna damuna. An ce mini maganin na cikin masu ƙara kuzari ne, to ta yaya za a ba yaron da kuzari ya yi wa yawa irin wannan, kuma ba zai kai shi ga abin da kodin da tiramol suka kai samarinmu ba? Sannan tun da ya fara sha ba ya taɓa abincin rana. Na uku shi ne tsada, domin sai da na fitar da gero daga rumbu kafin na iya sayen na wata guda. Wani mai kemis a kasuwarmu ya ce in riƙa raba ƙwayar biyu don ta kai wata biyu. Saura mako biyar mu koma wurin likita, shi ya sa nake tambaya a nan.

Mai haɗa magunguna, Dutse:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba yaron lafiya. Zan fara da abin da ya fi gaggawa: kada ka raba wannan ƙwayar, kada a tauna ta, kada kuma a daka ta a zuba a koko. Shawarar da mai kemis ya ba ka kuskure ce, ko da da kyakkyawar niyya ya ba da ita.

Dalili yana cikin yadda aka ƙera ta. Sinadarin da ke ciki sunansa metilfenidet, shi ne dai wanda ke cikin tsohon maganin nan Ritalin, wanda aikinsa ba ya wuce awa uku zuwa huɗu. Ita Concerta an yi mata ɓawo mai tauri da wata 'yar ƙaramar kafa a gefe ɗaya. Kimanin kashi 22 cikin ɗari na maganin yana shafe a bayan ɓawon, shi ke narkewa da wuri ya fara aiki cikin kamar awa guda. Sauran yana ciki, kuma a bayansa akwai wani abu mai kumbura idan ya sha ruwa, wanda yake tura maganin ta wannan kafar kaɗan-kaɗan yayin da ƙwayar ke tafiya a hanji, har na tsawon kusan awa 12. Idan ka fasa ɓawon ka lalata wannan tsari gaba ɗaya: abin da aka shirya ya fita cikin yini zai iya fita lokaci guda, zuciyar yaro ta riƙa bugawa da sauri da safe, kafin azahar kuma babu sauran komai a jikinsa. Haka nan rabin ƙwayar ba ya nufin rabin magani, domin ba a rarraba shi daidai a cikinta ba. Wata rana mahaifiyarsa za ta iya ganin wani abu kamar ƙwayar a bayan gidansa, kada ta ɗauka maganin bai yi aiki ba, ɓawon ne kawai ya fito bayan ya juye abin da ke cikinsa.

Game da tambayarka ta farko, ba kai kaɗai abin yake ɗaure wa kai ba. Kuzarin da ake nufi ba na gaɓoɓi ba ne. A gaban ƙwaƙwalwa akwai sashen da ke riƙe hankali a kan abu ɗaya, yake kuma ce wa mutum ya dakata kafin ya aikata, kamar linzami a bakin doki. Wannan sashe yana aiki da wasu sinadarai biyu, dofamin da noradirenalin, kuma maganin yana hana a janye su da wuri daga tsakanin jijiyoyi, sai linzamin ya ƙara ƙarfi. Shi ya sa yaron yake zama ya gama shafi ba tare da an kashe masa jiki ba. Abin ba sabo ba ne: tun a 1937 wani likita a Amurka, Charles Bradley, ya lura cewa yara masu irin wannan hali sun natsu sun kama karatu bayan ya ba su wani magani na wannan dangi, ita kuwa Concerta a 2000 aka amince da ita a can.

Idan kuɗin ne ya gagara, ga hanyar da ta dace. Ka gaya wa likitan gaskiyar aljihunka, ba abin kunya ba ne. Miligiram 18 na Concerta yana daidai da kusan miligiram 5 na mai gajeren aiki sau uku a yini, kuma mai gajeren aikin yakan fi sauƙin kuɗi, sai dai likita ne zai yi wannan sauyin, ba kai ko mai kemis ba. Kada ka jira mako biyar ɗin idan kana da lambar asibitin.

Uwar yara, Gaya:

Baban yaro, sannu da ƙoƙari, Allah ya saka maka da ka tsaya wa ɗanka. 'Yata ta shekara biyu tana shan wannan magani, don haka zan yi magana a kan abinci, wanda shi ne ya fi ba ni wahala. Na yi makonni ina binta da kwano da rana tana kawar da kai, har na fara tunanin dainawa, sai wata ma'aikaciyar jinya ta fahimtar da ni cewa tsakar rana ce lokacin da maganin ya fi ƙarfi a jiki, don haka in daina kokawa da wannan lokacin, in mayar da ƙarfina ga safiya da dare. Yanzu ba ta haɗiyar ƙwayar sai ta ci ta ƙoshi: ɗumamen tuwo idan akwai, ko koko da ƙosai, ko dafaffen ƙwai. Da rana ina dama mata fura da nono, domin abin sha ya fi shiga a lokacin da abin ci ba ya shiga, kuma ina saka mata ƙuli-ƙuli ko gyaɗa a jaka. Bayan magariba yunwa takan taso mata sosai, sai in ba ta tuwo, kafin ta kwanta kuma in ƙara mata wani abu.

Ka riƙa kai shi asibitin sha-ka-tafi na kusa da ku a auna nauyinsa da tsayinsa, ka rubuta a bayan katinsa don likita ya gani, saboda maganin yakan ɗan rage saurin girman wasu yaran. Ka kuma kula da lokacin sha. Ranar da muka makara na ba ta wajen ƙarfe goma sha ɗaya, har ƙarfe ɗaya na dare idonta biyu. Tun daga nan idan hantsi ya wuce ba ta sha ba, sai mu bar na ranar, kamar yadda likitanta ya ce mana.

Abin da ya sa na fi son mai dogon aikin duk da tsadarsa shi ne, mun fara ne da mai gajeren aiki, wanda dole a sake sha da rana. Makarantarsu ba ta da ɗakin magani, ni kuma ba zan iya saka wa yarinya irin wannan ƙwayar a jaka ba, ga shi ba na son 'yan ajinsu su gani su fara kiranta da sunan da zai bi ta har aure. Yanzu tana sha a ɗakina da safe, babu wanda ya sani sai malaminta.

Malamin firamare, Kazaure:

Ni ina da ɗan ja a kan wannan al'amari, kuma ina fata ba za a ɗauke shi a matsayin raina aikin likita ba. Na shekara goma sha bakwai ina koyarwa, kuma ajin da nake riƙe da shi yanzu yara sun haura tamanin, da yawansu a ƙasa suke zaune, wasu ba su karya kumallo ba. A irin wannan aji kusan kowane yaro zai yi kama da mai rashin natsuwa. Na taɓa samun yaron da muka yi shekara muna cewa ba ya ji, ashe da gaske kunnensa ne yake ruwa, ba ya jin abin da ake faɗa daga gaban allo. Wani kuma idonsa ne. Tsorona shi ne kada labari ya bazu cewa akwai ƙwayar da ke zaunar da yaro, kowa ya tafi kemis neman ta.

Amma na lura cewa naka an bi hanya, tun da an tambayi malamai biyu kuma halin yana nan a gida da makaranta. Saboda haka shawarata ita ce kada a bar wa maganin aikin shi kaɗai. Ka roƙi malaminsa ya zaunar da shi a layin gaba nesa da taga, ya riƙa ba shi aiki gutsure-gutsure maimakon shafi guda a lokaci ɗaya, ya kuma mayar da shi mai goge allo da raba littattafai don ya sami dalilin miƙewa. A gida ma a riƙa yi masa aike ɗaya a lokaci guda, a sa ya maimaita abin da aka ce. Bulala kuwa, kai da kanka ka shaida ba ta yi amfani ba.

Mai haɗa magunguna, Dutse:

Malam na Kazaure ya faɗi gaskiya, kuma ƙa'idar likitoci tana tare da shi. Ba a yanke cewa yaro yana da wannan lalura sai alamun sun kai aƙalla wata shida, sun fara kafin shekara 12, sun bayyana a wuri fiye da ɗaya, kuma an tabbatar ba matsalar ji, gani, barci ko farfaɗiya ce ke jawo su ba. Kimanin yara biyar cikin ɗari ne ake ƙiyasin suna da ita a duniya, ba duk mai ƙiriniya ba.

Na ga ban amsa maganar shaye-shaye ba. Gaskiya ne ana iya yin maye da metilfenidet, shi ya sa yake cikin magungunan da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1971 ta sa wa takunkumi, kuma a nan NAFDAC ce ke sa ido a kan shigowarsa. Sai dai binciken da aka yi ta yi a kan yaran da suka sha shi bisa umarnin likita bai nuna cewa yana ƙara musu haɗarin shaye-shaye idan sun girma ba, kuma mai dogon aikin ya fi wuyar a yi wasa da shi saboda ba ya shiga jini lokaci guda. Haɗarin da ya fi kusa da kai shi ne wani saurayi a gidan ko a maƙwabta ya san da shi. Ka kulle shi a akwati, ka riƙa ƙirga ƙwayoyin, ka ajiye a wurin da zafi da laima ba sa kaiwa, ba a saman taga ko ƙarƙashin kwanon rufi ba.

Akwai tambayoyin da nake so ka tabbatar likita ya san amsarsu: ko yaron ya taɓa suma ko yin ciwon ƙirji yana gudu, ko a danginku an taɓa samun matashin da ya faɗi ya rasu farat ɗaya, ko kuma yana da sikila ko farfaɗiya. Idan ya yi kukan bugun zuciya ko ciwon ƙirji, ko ya fara ganin abin da babu, a dakatar da maganin a kai shi asibiti a ranar. Idan kuwa kana tunanin tsallake shan maganin a wasu ranaku, hakan yana yiwuwa, domin maganin a ranar da aka sha shi yake aiki, kuma wasu likitoci suna yarda a huta a ranakun da babu karatu, amma da likitansa za ku tsara.

Manomi daga yankin Ringim:

Na gode muku gaba ɗaya, Allah ya bar zumunci. Ban raba ƙwayar ba, kuma na mayar da kwalbar cikin akwatin mahaifiyarsa mai kwaɗo. Hajiya ta Gaya, an gwada furar yau da rana, ya sha rabin kofi, wanda ya fi jiya. Maganar dangi ta tsaya mini a rai, domin ƙanin mahaifiyarsa ya rasu yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai a filin ƙwallo, kuma ban tuna na gaya wa likita ba saboda ban zaci yana da alaƙa da wannan ba. Na kira ƙanina da ke Kano, ya je asibitin da yammacin nan, an ce kada a ba shi na gobe, mu zo ranar Litinin a duba zuciyarsa tukuna. Zan kuma tambayi likitan yadda za mu yi da ranakun hutu, tun da hutun boko Asabar da Lahadi ne, na Islamiyya kuma Alhamis da Juma'a, babu ranar da yaron ba ya gaban malami.