Shirin Waƙoƙin Kirsimeti: Yaushe Kuke Haɗa Mawaƙa da Makaɗa?

Shugaban ƙungiyar mawaƙa:

Salama a gare ku, 'yan'uwa. Ina roƙon waɗanda suka daɗe a hidimar waƙa su faɗa mana yadda suke yi da makaɗansu idan Kirsimeti ya gabato. A majami'armu mawaƙa suna soma koyo tun watan Oktoba da sol-fa (rera waƙa da do, re, mi), kowace murya a gefenta, wato sofirano da alto da tena da bes, har sai waƙa ta zauna a bakin kowa. Makaɗa kuwa ba ma ganinsu sai a makon ƙarshe, domin a ganinsu waƙoƙin sanannu ne, babu abin koyo a ciki. Ran da aka haɗu sai a tarar mai kibod ya saba da wani ki (matakin sautin da ake ɗora waƙa a kansa), mawaƙa sun koya a wani, mai ganga kuma yana da nasa gudun. Abin da nake so in ji shi ne abin da kuka gani da idonku, da kuma abin da ya yi muku magani.

Mai kaɗa kibod:

Malam, na gode da ka tayar da zancen, amma a bari in yi magana a madadin makaɗa. Sau da yawa ba ƙin zuwa muke yi ba. Ba a ba mu jerin waƙoƙin da wuri, idan an ba mu ma sai sunaye kawai, babu ki, babu adadin baitoci, babu wurin da za a sassauta. Sol-fa yana da daɗin koyo saboda "do" ɗinsa yana tafiya duk inda aka ajiye shi, wannan sauƙin ne ma ya sa John Curwen ya yaɗa tsarin a Ingila tun wajen 1840, bayan ya ɗauko shi daga aikin Sarah Glover. Sai dai mawaƙi yana iya shafe makonni yana rera "do" ba tare da ya san a wane sauti yake tsaye ba, alhali ni dole ne in ɗora yatsa a kan wani maɓalli takamaimai. A wurinmu abin ya daidaita ne tun daga shekarar da aka yanke cewa za a rubuta ki a saman kowace takarda a ranar farko, ni ne kuma nake ba da sautin farawa a kowane koyo, ko da sauran makaɗa ba su zo ba.

Mai koyar da sofirano:

Ɗan'uwa ya faɗi gaskiya, ni kuma zan ƙara da batun tsayin murya, domin mu ne muke shan wahalarsa. Waƙar nan ta Silent Night misali ce mai kyau. Tana saukowa har "do" na ƙasa, tana kuma hawa har "fa" na sama, tazarar da ta wuce zango guda na sol-fa da matakai uku. Idan aka ɗaga ta kaɗan, mata suna ƙwala ihu a layin da ya fi buƙatar taushi, idan aka sauke ta da yawa, ƙarshenta yana nutsewa ba a ji. Mun gwada ta a ki daban-daban tare da jama'ar da ke zaune a benci, muka ga a ki na B filat ne tsofaffi da yara suke iya bin mu har ƙarshe ba tare da sun yi shiru a tsakiya ba.

Ya kamata kuma a tuna yadda aka fara rera ta. A jajiberen Kirsimeti na 1818, a garin Oberndorf kusa da Salzburg a ƙasar Ostiriya, Joseph Mohr wanda ya rubuta kalmomin da Franz Gruber wanda ya tsara muryar ne suka rera ta, da jita guda ɗaya. A bara mun dakatar da ganguna da lasifika a wannan waƙar, muka bar jita kaɗai, shi ne karo na farko da na ji alto da kunnena daga inda nake tsaye.

Mai busa tiramfet:

Mama, akwai abin da ake yi mana wanda mawaƙa ba sa lura da shi. Idan mata suka ce waƙa ta yi musu sama, mai kibod yana danna maɓallin sauya ki ne kawai, yatsunsa suna nan inda suke. Mu masu busa ba mu da irin wannan maɓalli. Tiramfet ɗin da aka fi amfani da shi na B filat ne, ma'ana idan na busa abin da aka rubuta mini C, sautin da ke fita B filat ne, don haka dole a rubuta takardata da mataki guda cikakke sama da ta mawaƙa. Mai saksofon na alto kuma nasa na E filat ne, lissafinsa daban. Saboda haka idan aka sauya ki ana saura kwana biyu, an rushe mana duk abin da muka koya. An taɓa yi mana haka a ranar sujadar kanta, ni da abokin busata muka ajiye ƙahonni muka zauna har aka gama waƙar, domin shiru ya fi a ɓata wa jama'a sujada.

Mai ganga:

Nawa gajere ne. Hannunmu ya saba da bugu huɗu-huɗu, yawancin waƙoƙin Kirsimeti masu taushi kuwa a bugu uku ko shida suke tafiya, kamar rarrashin jariri. Idan ban zauna na ji yadda mawaƙa suke numfashi a ƙarshen kowane layi ba, zan tura su gaba ba da saninsu ba. Yanzu ina halartar koyo ba tare da sanduna ba a farko, ina sauraro kawai.

Tsohon shugaban mawaƙa mai ritaya:

'Ya'yana, na karanta dukan abin da kuka rubuta, kuma ina ganin rabin rigimar daga zaɓen waƙa take farowa. Kowace shekara akwai ƙungiyar da take ɗaukar Halleluya ta Handel saboda ta ji wata ƙungiya ta rera ta. Handel, mai tsara waƙoƙi, ya rubuta babbar waƙarsa Messiah, wadda Halleluyar take cikinta, a 1741, aka fara gabatar da ita a Dublin a watan Afrilu na 1742, wato a kakar Ista. Halleluyar ita ce ke rufe kashi na biyu, kalmominta kuma daga Ru'ya ta Yohanna suke, a kan sarautar Almasihu. Zancen haihuwa yana kashi na farko, inda aka ɗauko annabcin Ishaya 9:6 da labarin makiyaya na Luka sura 2. Ban hana kowa rera ta ba, amma tana buƙatar tena masu ƙarfi da muryoyi huɗu da kowace za ta shiga a nata lokacin ba tare da jingina da wata ba. Na ga ƙungiyoyi sun zuba dukan watanninsu a kanta, waƙoƙin da jama'a za su rera tare kuma aka bar su babu ko gwaji.

Tsarin da ya fi yi mana amfani shi ne na karatu tara da waƙoƙi, wanda Bishof Edward Benson ya fara a garin Truro na Ingila a 1880, Kwalejin King's ta Kambirij ta ɗauke shi a 1918, BBC kuma ta soma watsa shi a 1928. Amfaninsa ga mai shiri shi ne karatun Littafi Mai Tsarki ne yake jan ragama, daga Farawa sura 3 har zuwa Yohanna sura 1, kowace waƙa tana amsa karatun da ya gabace ta. Da zarar an tsara haka, kowa ya san inda ake buƙatarsa: ƙaho yana jiran labarin mala'iku, ganga tana jiran waƙar fita, akwai kuma baitin da murya ɗaya za ta ɗauka babu kiɗa ko kaɗan, kamar yadda yaro guda yake buɗe sujadar a Kambirij. Makaɗin da ya san cewa a waƙoƙi uku kawai zai yi kiɗa ya fi zuwa koyo a kan wanda aka ce masa ya zo ya bi duk abin da ya ji.

Shugaban ƙungiyar mawaƙa:

Baba, na gode, na gode wa kowa. Zan rubuta ki a kan takardun a wannan makon, in ba masu busa nasu tun yanzu, sannan mu kira mai ganga ya zauna da mu. Saura tambaya ɗaya ga mai kibod: majami'armu tana da amsa-kuwwa sosai idan babu mutane, amma ranar Kirsimeti a cike take maƙil, sauti kuma yana canzawa. Yaya kuke daidaita ƙarar lasifika a gwajin ƙarshe, alhali ɗakin da kuke gwadawa a ciki babu kowa?