Wai ta yaya mutum yana zaune a ɗaki zai gano inda aka yi kisa a bidiyo?

Dan_Kurmi:
Salam ƴan uwa. Jiya a majalisa aka ta da maganar ƙungiyoyin nan irin su Bellingcat masu binciken laifukan yaƙi da hotunan intanet kawai, wani ƙanena ya ce su suka bi sawun makamin da ya kakkaɓo jirgin Malesiya MH17 a Yukiren a 2014. Ni fa abin ya ɗaure min kai, ba su je wurin ba, ba su da sojoji ba su da ƴan leƙen asiri, to da me suke yi? Ko dai ba su bayanan ake yi a ɓoye su ce su suka gano?

Malam_Sabo_Marwa:
Wa alaikas salam Dan Kurmi, bari na ba ka misalin nan gida Kamaru. A Yulin 2018 wani bidiyo ya yi ta yawo, sojoji sun tasa mata biyu da yara biyu a gaba suka harbe su. Ministan yaɗa labarai na lokacin Issa Tchiroma ya ce ƙarya ce, wasu ma suka ce a Mali aka ɗauka. Sai BBC Africa Eye da Amnesty da mutanen Bellingcat suka zauna suka zana layin duwatsun da ke bayan sojojin, suka yi ta dubawa a Google Earth har suka dace da shi kusa da Zelevet, nan arewa mai nisa dab da iyakar Najeriya. Abin da ya fi ba ni mamaki ma inuwa ce, da inuwar sojojin suka lissafa inda rana take, suka ce tsakanin 20 ga Maris da 5 ga Afrilun 2015 aka yi abin, kamar yadda tsofaffinmu ke duba inuwa su san azahar ta yi. Bindigar kuma Zastava M21 ce ƙirar Sabiya, wadda sojojin Kamaru ke riƙewa. A 2020 kotun soja a Yawunde ta ɗaure huɗu shekara 10. Goma kacal fa a kan rai huɗu, amma dai da ba a yi aikin ba da shiru kake ji.

Auwal_Realist:
Duk na ji amma wa ke ba su kuɗi? Bellingcat ta taɓa karɓar tallafin NED, wata cibiya da gwamnatin Amurka ke ba kuɗi, kuma kullum Rasha Rasha, har Rasha ta haramta su a 2022. Wanda ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski.

Hajiya_Bilki:
Auwal tambayarka a kan hanya take, sai dai su suna baje yadda suka yi ne a faifai, ga hoton ga taswirar, in kana da data kai ma ka bi ka ƙaryata su. Batun MH17 ɗin ma ai kotun Holan ta samu mutum uku da laifi a 2022 da nata binciken. Ni damuwata guruf-guruf ɗinmu na WhatsApp ne wlh, a ɗauko tsohon hoto na wata ƙasa a ce jiya ne a garin kaza, kafin la'asar an fara zage-zage. Ku riƙa sa hoto a Google Lens, manhajar da ke nemo inda hoto ya taɓa fitowa a intanet, kafin ku tura, minti ɗaya ne.

Dan_Kurmi:
Na gode Malam, na gode Hajiya. To bidiyo fa, shi ma Lens ɗin yana dubawa ko sai na yi sikirinshot tukuna?