Na kasa daina cacar ƙwallo duk da addu'a

Salama, 'yan'uwa cikin Almasihu. Shekara biyu ke nan ina fama da cacar ƙwallo a waya. Na goge manhajar sau huɗu, na yi azumin kwana uku, fasto ya yi mini addu'a. Sai in yi mako biyu lafiya lau. Amma ran Asabar, ana fara wasan Firimiya, sai in ga na sake sauke ta. Makon jiya kuɗin zakkata na zuba, ko sisi bai dawo ba. Romawa 7:19, inda Bulus ya ce muguntar da ba ya so ita yake aikatawa, kamar da ni ake. Kunya ta hana ni cin Jibin Ubangiji.

Ku da kuka kuɓuta, me kuke yi a daidai lokacin da jarabar ta taso, kafin hannu ya kai ga waya?