Wasan yara a ɗaki idan ruwa ya tsare su

Da iyaye mata suka tattauna yadda ake fama da yara a damina, musamman a watan Agusta da ruwa kan wuni yana zuba, yawancinsu sun ce ba sai an kashe kuɗi ba. A ture kujeru gefe, a shimfiɗa tabarma, a ba ƙanana kwalaye su yi gini. Waɗanda suka tasa su yi 'yar carafke, kaka ta yi musu tatsuniya.

An fi jan kunne kan bokitan tarar ruwa, kuma ni ma nan hankalina ya fi tashi: mai rarrafe na iya faɗawa da ka, ko da ruwan kaɗan ne. A rufe su. A toshe soket, kada a hura gawayi a rufaffen ɗaki. Ɗakin ƙasa da ya tsage kuwa, a fitar da yara daga ciki.