Neman kalma: ya za mu ce range query da Hausa?

Mai Allo: Salam 'yan uwa. Gobe da safe zan ɗauki bidiyon darasi kan DHT, wato teburin bayanai da aka rarraba wa kwamfutoci da yawa, tsarin nan da BitTorrent, hanyar raba fayil a intanet, ke nemo fayil da shi ba tare da babbar saba guda ba. Na maƙale a range query. Abin da nake so ɗalibai su gane shi ne, Chord da Kademlia, nau'ukan DHT biyu, suna bi da sunan abu ta hash, wato lissafin da ke mai da suna lamba, irin hash ɗin da ake kira SHA-1 ya fitar da lamba mai bit 160, in abu ɗaya tak kake nema shi kenan ka samu, amma ka ce a kawo maka duk abin da ke tsakanin 1990 da 1995 nan ake yin ta, don 1990 na wannan kwamfuta, 1991 ta faɗa can wata uwa duniya. A taimaka don Allah.

Bakatsine: Neman tsakani.

'Yar Damagaram: A'a yaya, wannan kamar sulhu ake nema. Ni dai binciken daga-zuwa, daga kaza zuwa kaza, ko yaro ya ji ya gane.

Baba Malami: Ku tsaya tukuna. Hash ɗin fa? Na jima ina cewa a kira shi markaɗe. Ka kai wake inji, in ya fito ba ka ƙara gane wane ƙwaya ke kusa da wane. Matsalar ke nan gaba ɗaya, markaɗe ya ɓata jeri.

Bakatsine: Baba, markaɗe haɗe abu yake, wannan kuwa warwatsawa yake.

Baba Malami: Warwatsawar aikin teburin ne, ɗana. Kuma tun farko me ya sa Mai Allo yake rubuta kwamfuta da saba? Na'ura mai ƙwaƙwalwa ta yi laifi? Haka kuke kashe harshe kuna ganin Turanci shi ne wayewa.

'Yar Damagaram: Wayewar wa? Mu nan da Faransanci muka yi karatu, amma kullum sai a yanke kalma a Kano a aiko mana kamar ba mu da baki.

Mai Allo: Ku yi haƙuri, dare na yi. Akwai sauran bayani, in aka bar jerin yadda yake ba a markaɗa ba, kaya sai su taru kan kwamfutoci kaɗan, shi ya sa aka fito da wasu tsare-tsare masu iya range query, skip graph a 2003 da kuma Prefix Hash Tree. Kewayo fa, zai yi?

Bakatsine: Kar ka soma, Chord kansa zobe ne, za su ruɗe.

Mai Allo: To na ɗauki binciken daga-zuwa. Markaɗe zan faɗa sau ɗaya a misali, sannan in ci gaba da hash.

Baba Malami: Daga-zuwa ba suna ba ne, guntun jimla ne. Amma je ka yi darasinka, in ka saka bidiyon ka turo min in ji yadda ya zauna a baki.