B.A. Pass: fasaha ce, ko batsa aka sa wa rigar talauci?

Mai Kyamara: Jiya na sake kallon B.A. Pass, fim ɗin Indiya da ya shiga sinima a 2013, wanda Ajay Bahl ya ba da umarni. Ina nan kan bakana, wanda duk ya kira shi batsa bai kalle shi har ƙarshe ba. Ga wanda bai gani ba: Mukesh maraya ne, aka kai shi Delhi gidan gwaggonsa yana karatun digiri, ƙannensa mata biyu suka ƙare a gidan kula da 'yan mata. Sai Sarika, matar aure ƙawar gwaggon, ta ja shi jikinta, daga nan ta riƙa haɗa shi da matan masu kuɗi suna biyansa.

Hajiya: Ni fa na kalla har ƙarshe, ɗan'uwa, kuma ban yarda ba. Talaucin nan hujja ce kawai suka nemo don su nuna abin da suke son nunawa. In dai wahalar yaron ce ta dame su, me ya sa kyamara ta fi daɗewa a ɗakin Sarika? Hukumar tace fina-finansu ma shaidar "A" ta ba shi, ta manya zalla.

Mai Kyamara: Hajiya, da girman kujerarki, ki duba yadda aka ɗauki wuraren. Babu waƙa da rawa irin wanda muka saba gani a fim ɗin Indiya, babu murmushi. Fuskar yaron kamar ta wanda aka tura aike dole. Bahl da kansa ya riƙe kyamarar, kuma Paharganj ya zaɓa, unguwar ƙananan otal-otal da ke gaban tashar jirgin ƙasa ta New Delhi. Fitilun allunan talla, ja da kore da shuɗi, suna zuba a fuskar Mukesh yana tafe shi kaɗai, gari ya cika da haske amma shi ba shi da wurin kwana. Mai sayar da sha'awa ba ya haska mutum haka.

Malamin Adabi: Ku bar ni in sa baki. Asalinsa gajeren labari ne, The Railway Aunty na Mohan Sikka, a cikin tarin Delhi Noir na 2009. Irin rubutun nan ƙa'idarsa ita ce mutum ya sa ƙafa ɗaya a rami, rami ya ja sauran jikin. Abin da ya fi kama ni ba Sarika ba ne, Johnny ne, mai aikin maƙabartar da Mukesh ke zuwa suna buga ces, wato darar Turawa, a tsakanin kaburbura. Shi kaɗai yaron ya amince da shi. Shi ya aika ya karɓo masa kuɗin da ya tara a hannun Sarika, mutumin ya haɗiye su ya kama hanyar Mauritius da ya daɗe yana mafarki. Yaron ya ɗauka matar ce ta cuce shi, ya je ya kashe ta. Wannan ginin labari ne na gwani.

Hajiya: To Malam, ai ka ƙara min ƙarfi. Namiji ya saci kuɗi ya tsira, mace ce ta sha wuƙa. Fim ɗin ya mai da mace kawaliya, sauran matan kuma mayunwata, ya bar mai kallo yana tausayin yaron shi kaɗai.

Malamin Adabi: Nan kam kina da gaskiya rabi. Amma ki tuna mijin Sarika da irin muguntar da yake mata a cikin gida. Ki kuma tuna matar da Deepti Naval ta fito a matsayinta, wadda mijinta ke kwance a asibiti bai san inda kansa yake ba, ita abokin hira kawai take nema. Ba duka aka yi musu kuɗin goro ba.

Ɗan Tasha: Ni abin da ya hana ni barci wayar nan ce ta ƙarshe. Ƙannen sun taso suna neman yayansu, suna kiransa, shi kuma 'yan sanda na bin sa har ya yi tsalle ya faɗo daga saman bene. Wallahi sai da na kashe talabijin na zauna shiru. Amma ina tare da Hajiya a abu ɗaya, ba zan kalle shi da kowa a ɗaki ba, kuma rabin wuraren nan da an yanke su labarin ba zai ragu ba.

Mai Kyamara: Zai ragu mana. In ba ka ga yadda Sarika ke ba shi umarni kamar yaron gida ba, ba za ka gane wa ke riƙe da wa ba. Shilpa Shukla, wadda ta fito a matsayin Sarika, ba ta ɗaga murya ko sau ɗaya a wuraren, da ido take mulki. Ita ce Bindiya ta Chak De! India a 2007, kuma fitowarta a matsayin Sarika ce ta ba ta Filmfare, kyautar fina-finan Indiya, ta ɓangaren masu sharhi.

Hajiya: Iya wasanta ban musa ba, ta cancanci kyautarta. Abin da na musa shi ne a ce dole sai an buɗe komai kafin a gane cuta. Ku sake kallo, ku ƙirga mintunan da aka ba ƙannen nan biyu da waɗanda aka ba ɗakin Sarika, ku dawo mu yi magana.