"An yi gudun gara an faɗa gidan zago": ta hau kan jirgin sama mai batir?

Ɗan Rigasa: Assalamu alaikum, iyaye da yayye. A majalisarmu ana zancen jirgin sama mai tashi da lantarki, sai wani ya ce ai gudun gara ne aka faɗa gidan zago. Hujjarsa, an guji hayaƙin man jirgi an koma batir da za a yi wa caji da janareta mai shan gas. Maganar ba ta kwanta mini ba. A nan ne gurbin wannan karin maganar?

Malam na Tudun Wada: Wa'alaikumus salam, ɗana. Gara ita ce ƙaramar, mai cin azara da buhun hatsi a ɓoye. Zago shi ne babba mai jan kai, wanda in ya kafa maka baki sai ka ga jini. Saboda haka maganar tana da sharaɗi: dole wahala ta biyu ta fi ta farko. In kunnen doki suka yi, Bahaushe cewa yake an gudu ba a tsira ba. Wanda ya faɗa muku sai ya nuna batir ya fi man jirgi ɓarna, ba wai shi ma yana da nasa aibin ba.

Injiniya daga Mando: Allah ya gafarta Malam, bari in sa lissafi. Babbar matsalar jirgin nan nauyi ce. Ƙarfin da ke cikin kilo ɗaya na man jirgi ya ninka na kilo ɗaya na batirin litiyam fiye da sau 40. Gaskiya injin lantarki ba ya asara sosai, fiye da kashi 90 cikin 100 na wutar yana zama aiki, shi kuwa injin mai fiye da rabi zafi ne ke tafiya da shi. Duk da haka tazarar ba ta cikuwa. Ga shi mai yana ƙonewa jirgi ya yi ta raguwar nauyi a hanya, batir kuwa da nauyin da ka tashi da shi za ka sauka.

Shi ya sa wanda hukumar jiragen Turai ta fara bai wa takardar izini a 2020, Velis Electro na kamfanin Pipistrel a Sulobeniya, mutum biyu yake ɗauka, minti 50 ne tafiyarsa. Wani jirgin mai batir, Alice, mai kujerun fasinja 9 ya yi tashin gwaji a Amurka a 2022, minti 8 ya yi a sama. Hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta rufe shirin jirginta mai batir X-57 a 2023 bai taɓa tashi ba. Kada kowa ya sa ran ɗaukar alhazai zuwa Jidda da batir nan kusa. Amma gazawa daban, cutarwa daban.

Yaya mai jinya, Barnawa: Ku kuna hangen manyan jirage, ni na hannu nake gani. Tun 2022 kamfanin Zipline ke aika ƙananan jirage marasa matuƙi daga Pambeguwa, duk da batir suke tashi. Jirgin ba ya ma sauka. Zai zagayo kan asibiti ya saki ɗan kwali ja mai lema, ya sauko a hankali, a ciki ga jakar jini ko allurar rigakafi da sanyinta. Wanda ya taɓa tsayawa kan matar da jini ya ɓalle wa bayan haihuwa, da damina, hanya ta yanke, ba zai kira wannan zago ba.

Ɗan Kakuri: Yaya, ban musa miki ba, amma ni ina bayan mai karin maganar. Kaso mafi yawa na wutar ƙasar nan iskar gas ake ƙonawa a samar da ita, ga layin wutar ƙasa yana yawan durƙushewa. Litiyam ɗin kuma daga ƙasa ake tono shi, ku dubi ramukan Nasarawa, kobalt, wani ma'adinin da ake sa wa batir, mafi yawa daga Kwango yake fitowa. Hayaƙin jirgi kowa ya sha, amma gurɓataccen rafi talakan ƙauyen ne kaɗai zai sha. A wurinsa ai zagon ne.

Malam na Tudun Wada: Wannan magana ce mai nauyi, kuma ta nuna karin magana da mai faɗinta take tafiya. Mutumin da aka haƙe wa gona in ya faɗe ta, ba wanda zai ce ya yi kuskure. Abin da na ƙi shi ne a ɗauke ta a yafa wa duk lamarin.

Injiniya daga Mando: Na yarda, Malam. Kuma caji ba dole sai da janareta ba. Madatsar wutar Shiroro a kan kogin Kadunan nan take, megawat 600, ga rana da za a shimfiɗa wa faranti a rufin rumfar jirage. Inda na fi ganin amfaninsa kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya, wadda ke nan tun 1964. Ɗalibi tashi yake ya zagaya fili ya sauka, ya maimaita, duk cikin awa guda. Da yawan ƙananan jiragen koyo a duniya har yau fetur mai dalma suke sha, ga ƙara a kan unguwanni. A nan batir ya fi, ba tantama.

Amma kada mu zuzuta. Jiragen sama kusan kashi 2.5 cikin 100 suke fitarwa na hayaƙin kabon na duniya, kuma manyan jirage ne ke da kaso mafi tsoka, waɗanda batir bai kai gare su ba. Zuwa Abuja kuwa, jirgin ƙasan da ke tashi daga Rigasa tun 2016 ya fi kwasar jama'a nesa ba kusa ba.

Ɗan Kakuri: Na sauko a kan Zariya da Pambeguwa, Injiniya. Saura ɗaya: batirin jirgi tun bai mutu ba ake cire shi, da zarar ƙarfinsa ya fara ja baya. Waye zai karɓe shi, ina za a kai shi? Ga na sola da na wayoyi nan muna gani a bola, yara 'yan gwangwan suna fasawa da hannu ba safa.